Maki nawa ne kuɗin Toyota a gaban tankar yaƙi?

Akwai wani wasa da manya masu gemu ke yi a Ingila da Jamus da Amurka, wanda baƙo zai ɗauka na yara ne. Ana jera 'yan sojojin roba a kan tebur, kowanne bai kai ɗan yatsa ba kuma da hannu aka yi masa fenti, a auna nisan harbi da tef, sannan a watsa 'ya'yan lido don a ga wanda harsashi ya samu. Wanda ya fi suna shi ne Warhammer 40,000 na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham, wanda ya fito a 1987.

Kafin a taɓa soja ko ɗaya sai an tsara runduna. Kowane mayaƙi da farashinsa na maki, kuma a gasa galibi maki 2,000 ake ba kowane ɓangare. Manhajoji irin su BattleScribe da New Recruit ke riƙe wannan lissafi. Mai wasa ya ƙara tanka, adadin da ke allon wayarsa ya haura. In ya zarce da maki biyar, manhaja ta yi masa gargaɗi, dole ya koma ya ƙwace wa wani soja makaminsa. Manufar ita ce a fara da adalci, kowa da daidai ƙarfin ɗan'uwansa.

To, N'Djamena, babban birnin Chadi, gari ne da tarihinsa ke yi wa irin wannan lissafi dariya.

Ranar 22 ga Afrilu 1900, a Kusuri da ke tsallaken kogi, Rabeh, wanda ya ci Barno ya zauna a Dikwa, ya kara da Faransawa da mutanen Bagirmi. Dakarunsa sun ninka nasu. Aka karya shi, aka sare kansa. Amma Kwamanda Lamy da ya jagoranci masu nasarar shi ma a ranar ya mutu, shi ya sa sansanin da aka kafa a gaɓar Chari aka kira shi Fort-Lamy, sunan da garin ya riƙe har 1973.

Sai kuma 1987, shekarar da wancan wasa ya shigo kasuwa. Ranar 2 ga Janairu kwamandan sojojin Chadi Hassan Djamous ya faɗa wa sansanin Libiya a garin Fada da motocin a-kori-kura ƙirar Toyota, ɗauke da makaman fasa tanka samfurin MILAN da Faransa ta bayar. Tankokin T-55 na Gaddafi suka zama ƙarafa a cikin rairayi, kuma a watan Maris babban sansanin Wadi Doum ya bi sahu. Da an shigar da rundunonin nan biyu cikin manhaja a daren jajiberi, da ta ce wa Djamous ya koma gida. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A Fada ba yawa kaɗai ne ya ci ba, ba kuma nauyin ƙarfe ba. Gudu ne da sanin ƙasa, da sojojin Libiya da ba su san abin da ya kawo su ba.

Wannan ba baƙon darasi ba ne ga wanda ya yi karatun sira. A Badar Musulmi ɗari uku da 'yan kai ne suka rinjayi kusan dubu. A Hunaini suna 12,000, yawan nasu ya burge su, aka fara da tarwatsa su, har Suratut Tauba ta ambaci abin da sunansa. Duk da haka ba malamin da ya fahimci cewa a daina ƙidaya. Umarnin tanadin ƙarfi yana nan a Suratul Anfal, hadisin ɗaure raƙumi kafin tawakkali kuma ko ɗan makarantar allo ya san shi. Wanda ke zaune yana auna runduna maki-maki bai saɓa wa tauhidi ba, sababi yake riƙewa.

Inda maganar ke da daɗi shi ne wajen ɗan lido. Darar Hausa ba ta da shi: 'ya'ya goma sha biyu-sha biyu, wanda ya fi kai shi ke ci, ba mai cewa sa'a ce. Wasan yaƙin Turawa kuwa, tun Kriegsspiel da Reisswitz ya nuna wa hafsoshin Furusiya a 1824, da ɗan lido aka gina shi, domin sojan gaske ya san bindiga kan ƙi tashi, umarni kan makara. Kuma nan ne fiƙihu ke ɗaure fuska, saboda hadisin da ya hana wasan nardu, mai ɗan lido, yana cikin Sahihu Muslim, Imamu Malik ma ko shaɗaranji bai so ba. Ga shi kuwa duk cikin wasan, ɗan lidon ne kaɗai ke amsa cewa ƙarshen al'amari ba a hannun mai tsarawa yake ba.

Sai dai kama da wane ba wane ba ce. Ɗan lido yana nufin ba wanda ya hukunta, abu ne ya faɗo. Ƙaddara tana nufin akwai Mai hukunci, bawa ne dai bai ga dalilin ba. Mai wasa kan iya lissafa cewa shida za ta fito sau ɗaya cikin shida, ya gina rundunarsa a kan haka, wato ya mai da rashin sanin nasa wani lissafin. Mumini ba shi da wannan dama.

Kuma ba shi da damar karanta nasara a matsayin yardar Allah, tarkon da ya fi kama mutane. Shugaban da aka ci Fada da sunansa Hissène Habré ne, wanda 'yan sandan asirinsa suka mai da wani wurin ninƙaya a tsakiyar N'Djamena kurkukun ƙarƙashin ƙasa, kuma kotu a Dakar ta ɗaure shi rai da rai a 2016. Djamous kuwa dara ce ta ci gida: a Afrilun 1989 gwamnatin da ya yi wa yaƙi ta kama shi bisa zargin juyin mulki, bai fito da rai ba.

Games Workshop kan sauya farashi lokaci-lokaci. Rundunar da ke yawan cin gasa a ƙara mata maki, wadda ke shan kashi a rage. Da su ke riƙe da littafin Chadi, da bayan 1987 sun tsauwala wa Toyota. A farkon Fabrairun 2008 'yan tawaye suka taso daga iyakar Sudan da irin motocin nan wajen 300, suka shigo har kusa da fadar shugaba Idriss Déby, dubban mutane suka tsallaka gadar N'Gueli zuwa Kusuri da ƙunshi a ka. Abin da ya tare su a titunan garin kuwa jiragen sama masu saukar ungulu ne, da tsofaffin tankokin T-55.