Dajin da Ba Ya Yaɗo

Aikina yankan nama ne, amma ba irin na mahauta ba. Abin da likitan tiyata ya ciro daga jikin mutum shi ake kawo mana cikin roba, tsamo-tsamo a ruwan fomalin. Mu dasa shi cikin kaki, mu fere shi har ya fi ɓawon albasa sirantaka, mu rina, mu miƙa wa likitan da zai leƙa ta madubi ya raɗa masa suna. Ni ba na raɗin suna. Amma na ga abin da suna ke yi wa mutum, a cikin gidanmu ma na gani.

Gwaggona ta je hoton ciki saboda wata larura daban, sai aka hango ƙari a ƙodarta ta hagu, ba dunƙulalle ba, ruwa ne ɗaki-ɗaki. Masu hoto suna da ma'aunin da wani likitan Amurka, Morton Bosniak, ya fitar a 1986. Mataki na ɗaya ƙullin ruwa ne kawai, a manta da shi. Na huɗu kusan duk ciwon daji ne. Nata ya faɗa na uku, inda kusan rabi daji ne rabi ba daji ba, kuma ba mai rabewa sai an ciro. Aka ciro.

Ba ni na fere shi ba, don hannuna ba zai tsaya ba, amma ina tsaye aka tsaga shi. Kamar saƙar zuma yake: aljihu manya da ƙanana, kowanne cike da ruwa garau mai ɗan rawaya, tsakaninsu bango siriri. A madubi, ƙwayoyin da suka shafe bangon farare ne tas kamar babu komai cikinsu, sak irin na dajin ƙodar da aka fi sani. Takarda ta fito da sunan da littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2004 ya ba shi, kuma a jelar sunan akwai kalmar kasinoma. Daji ke nan.

Likita ya yi ta lallashi cewa wannan mai sauƙi ne. Ina! Kalma ɗaya Gwaggo ta ji. Ta raba wa jikoki kwallayenta, ta aika aka yanko likkafani, ta fita daga adashi, wai kada ta tafi da haƙƙin mutane.

A 2012 masana wannan fanni suka yi taro a Bankuba ta Kanada, suka ce a sake duba sunan. Dalilinsu: an bi sawun sama da mutum 200 da aka cire wa irin wannan ƙari shekara da shekaru, bai dawo ba, bai yaɗu ba. A 2016 Hukumar ta cire kalmar kasinoma, ta kira shi ƙari mai ƙarancin yiwuwar cutarwa.

Abokin aikina ya ce an dai canza wa tuwo suna. Kuma yana da hujja: ƙwayoyin suna ɗauke da lahani iri ɗaya da na dajin gaske, a kuromosom na 3, a ƙwayar gadon da ake kira VHL. Ɗan kura kura ne, in ji shi, ko bai fara ɗaukar akuya ba.

Nan muka rabu. Da me ake hukunta abu, da asalinsa ko da aikinsa? Alƙali ba ya yanke hannun wanda ya yi kama da ɓarawo, balle wanda ubansa ya yi sata. Mun kuma karanta a Arba'una cewa wanda ya yi nufin saɓo bai aikata ba, ba a rubuta masa zunubi. Na san tsoka ba ta da niyya, kada malamai su kama ni. Amma mai ɗauke da tsokar tana da zuciya, kuma sunan a kanta yake sauka. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya canza sunaye munana. Ya so mayar da Haznu, wato mai tsanani, ya zama Sahlu, mai sauƙi. Mutumin ya ƙi, jikansa Sa'idu ɗan Musayyib ya ce tsananin bai bar gidansu ba. Wanda ya ce suna ba komai ba ne bai ga Gwaggo tana ninke likkafaninta ba.

Abu ɗaya na sallama wa abokina: sabon sunan ba a bayar da shi arha. Sai an bi ƙarin lungu-lungu. Aka samu dunƙule guda na ƙwayoyin yana tura bango, to ya koma daji na sosai. Kyautata zato a wurinmu yana nufin ƙarin gilasai da ƙarin kwanaki a kan wuƙa. Na Gwaggo na ciro daga ma'ajiya, aka sake dubawa, babu dunƙule ko ɗaya.

Da na je mata da labarin, ta yi shiru tana jan carbi, sannan ta ce, “Yanzu ɗan nan, duk shekarun nan ba daji ba ne?” Na ce naman bai canza ba, Gwaggo, sanin likitoci ne ya ƙaru. Washegari ta aika gidajen jikokin a dawo mata da kwallayenta. Biyu suka dawo.