Wahalar da Muka Saya da Kuɗinmu

Mu biyar ne muka tashi daga Abuja da asuba, dukkanmu masu rubuta manhajar kwamfuta, irin mutanen da ke yini a zaune gaban allo har wuya ya sage. Muka bi ta Lafiya, muka tsallaka kogin Binuwai a Makurɗi, muka wuce Gboko, sai da rana ta yi sanyi muka isa garin Obudu a jihar Kuros Riba. Daga nan ma da sauran tafiya, domin wurin shaƙatawar yana can kan tsaunukan Sankwala, a ƙaramar hukumar Obanliku, dab da iyakar Kamaru. Kilomita 11 na ƙarshe hawa ne zalla, hanya tana nannaɗewa a jikin dutse, lanƙwasa 22 kafin a kai sama. Da muka fito daga mota a tsayin mita 1,576 sai sanyi ya mare mu, hazo ya rufe ko'ina har ba ma ganin junanmu sosai. Muka yi ta dariya kamar yara. Ai abin da muka zo nema ke nan.

Washegari muka ɗauki wani matashi ɗan yankin ya yi mana jagora, muka kama wata siririyar hanya da ke ratsa ciyawa. Ba mu yi rabin awa ba numfashi ya fara gagararmu. Muna tsaye muna haki, kowa da takalminsa na musamman da gorar ruwa a hannu, sai ga wata mata ta taho daga ƙasa, da ƙunshin itace a ka, da yaro a goye, da silifas a ƙafa. Ta gaishe mu, ta raɓa ta gefenmu, ta ci gaba da hawa ba tare da ta rage sauri ba. Kafin mu gama shan ruwa hazo ya haɗiye ta.

Tun daga wannan lokacin tambaya ɗaya ta hana mu sakat, kuma ita ce ta sa muke wannan rubutu: mene ne hukuncin mutumin da ya biya kuɗi domin ya ɗanɗani wahalar da wani yake sha kullum ba da son ransa ba?

Ba wannan ne karo na farko da aka tuhumi tafiyar ba. Tun kafin mu tashi, kawun ɗayanmu ya ji labari ya ce masa, "Kai yaro, idan hawa kake so, zo ka taya mu ɗora buhuna a kan mota, ba sai ka biya ko sisi ba." An yi dariya, amma maganar tana da nauyi. A gidajen da muka taso, tafiya tana da dalili: fatauci, neman ilimi, zumunci, jinya, aikin hajji. Wanda ya kwashi kuɗi ya tafi ya kalli dutse ya dawo, ana masa kallon wanda bai san zafin nema ba, musamman idan akwai ƙani da ke jiran kuɗin makaranta. Kuma kusan kowannenmu yana da irin wannan ƙanin.

Wannan tuhumar ba ta dame mu sosai ba, domin muna da amsarta. Jiki amana ne, kuma aikinmu yana cin jiki ta hanyar da ba a gani. Wanda ya yi shekara goma yana zama awa tara ko goma a rana, ido a kan haske, tunani a kan lissafi, ya san ciwon baya da rashin barci da wata irin gajiya wadda kwanciya ba ta maganinta. Idan muka karye, ƙanin ma ya rasa mai biya masa. Ban da haka, tun muna makarantar allo aka koya mana cewa duban halittar Allah da tunani a kanta ba aikin banza ba ne. Wanda ya tsaya a bakin wannan tudu ya ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa zai san ƙanƙantar kansa fiye da yadda wa'azi zai sanar da shi. Gani ya kori ji.

Matar nan ce ta kawo tuhumar da ba mu da amsarta a aljihu.

A sana'armu akwai abin da muke kira filin gwaji. Kafin mu saki manhaja ga jama'a, muna gina mata wani wuri mai kama da na gaske ta kowace fuska, amma kuɗin da ke cikinsa na bogi ne, mutanen da ke cikinsa na bogi ne. Idan abu ya fashe a can, sai mu goge mu sake. Da muka zauna da dare muna hira, ɗayanmu ya ce hawan da muka yi a filin gwaji muka yi shi. Gumin na gaske ne, ciwon cinyar na gaske ne, amma a kowane taki muna da damar cewa ya isa, mu juya, mu tarar da ɗaki mai bargo da ruwan zafi. Ita kuwa idan ta ce ya isa, ba a hura wuta a gidanta ran nan. Hanya ɗaya muka taka da ita, amma mu da ƙofar fita a bayanmu.

Wani a cikinmu ya ce to me ya yi zafi? Da mun zauna a Abuja, itacen da ke kanta ba zai ragu da ko sanda ɗaya ba. Zuwanmu ma alheri ne: ɗan jagora ya samu, mai sayar da zuma ya samu, mai girki ya samu. Gaskiya ya faɗa, kuma ba ma cikin masu ganin cewa jin kunya kaɗai yana ciyar da wani. Akwai irin tausayin da ba ya haifar da komai sai daɗin baki, mutum ya dawo ya rubuta a Facebook cewa rayuwa ta koya masa darasi, a danna masa alamar so, shi ke nan. Matar ba ta nemi tausayinmu ba. Gaisuwa ta yi ta wuce, kuma ba mamaki ita ce ta tausaya wa ƙatti biyar da ke haki ba kaya a kansu.

Amma sai muka tuna abin da ya faru da safe kafin mu kama hanya. Da matashin nan ya faɗi kuɗin jagorarsa, mun tsaya mun yi ciniki da shi kamar muna kasuwar Kantin Kwari. Muka ja, ya ja, har muka zaftare kusan kashi ɗaya cikin uku, muka tafi muna jin mun iya. Abin da muka rage masa bai kai kuɗin karin kumallon mutum ɗaya a cikinmu ba. Alhali daren jiya, da aka nuna mana kuɗin ɗaki a rubuce a kan takarda, babu wanda ya ce uffan, kati kawai muka miƙa. Farashin da aka buga da tawada mun girmama shi, wanda ya fito daga bakin mutum mai buƙata mun murƙushe shi. Mun san al'adar ciniki, a cikinta muka girma, kuma ba laifi ba ce tsakanin mutane biyu da kowannensu zai iya tashi ya bar cinikin. Shi ba zai iya ba. Ran nan mu kaɗai ne baƙin da suka nemi jagora, kuma mun lura da haka tun kafin mu fara tayawa.

A nan muke ganin laifin yake. Sayen gajiya don lafiyar jiki ba zalunci ba ne. Zaluncin yana shigowa ne lokacin da mai hutu ya fara ɗaukar mutanen wurin a matsayin wani ɓangare na kayan hutun, kamar ciyawa da hazo da shanu. Shaidar haka ita ce, da matar ta taho, biyu daga cikinmu sun ɗaga waya za su ɗauke ta hoto ba tare da sun tambaye ta ba. Saurinta ne ya hana. Da wani baƙo zai tsaya a ƙofar gidanmu ya ɗauki mahaifiyarmu hoto tana tankaɗe, don abin ya ba shi sha'awa, mun san abin da za mu yi masa.

Shi kansa wurin tarihinsa tarihin baƙi ne masu ganin dutsen da idon buƙatarsu. A 1951 Turawa suka kafa gonar kiwon shanu a can, saboda sanyin tudun ya dace da dabbobi kuma ƙudan tsando ba ya damunsu kamar a ƙasa. Daga baya ya zama wurin hutu. A zamanin Gwamna Donald Duke, a 2005, aka buɗe motar nan mai rataye a igiyar ƙarfe wadda aka yi domin ɗaukar mutane tafiyar kusan kilomita 4 daga gindin dutse zuwa sama, kuma a shekarar aka fara gasar tseren hawan dutsen, inda a wancan lokacin na ɗaya yake samun dala 50,000, har gwanayen gudu daga Habasha da Kenya suka riƙa zuwa. Duk wannan a kan ƙasar da mutanen Becheve suke zaune tun kafin a kawo saniya ta farko. Ga masu tsere hawan nan gasa ce, gare mu magani ne, ga masu wurin kuwa hanyar gida ce.

Akwai wani abu kuma da ya fi ba mu kunya, don ya taɓa sana'armu kai tsaye. A wani kwari sabis ɗin waya ya ɗauke gaba ɗaya, muka yi ta murna, har ɗayanmu ya ce Allah ya sa kada a taɓa kafa ƙarfen sadarwa a nan a ɓata wurin. Mu fa, da abincinmu yake fitowa daga intanet. Ɗan jagoran yana ji bai tanka ba. Can da muka hau wani tudu sai ya nemi mu ɗan jira shi, ya ɗaga wayarsa sama yana juyawa, yana son ya ga ko kuɗin da yayansa ya ce zai turo daga Kalaba sun shigo. Shirun da muka yi tafiyar yini guda muna nema, shi ne yake sa shi hawan tudu don duba saƙo ɗaya. Muna son wurin ya tsaya yadda yake domin mu tarar da shi haka baɗi. Ba mu tambayi masu kwana a cikinsa ko suna son ya tsaya ba, alhali mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba.

Ba mu daidaita a kan komai ba a daren nan. Ɗaya ya ce shi ba zai sake irin wannan tafiya ba, kuma muna ganin ya yi kuskure, don ƙauracewarsa ba za ta amfani kowa ba sai lamirinsa. Wani ya ce mun cika zurfafa tunani a kan hutun kwana uku. Sauran mun tsaya a tsakiya: za mu ci gaba da hawa, har muna maganar tsaunin Mambila a Taraba, amma akwai bashin da ke kan mai hawa don nishaɗi, kuma ba a biyansa da jin kunya.

Da safen da za mu sauka muka nemi ɗan jagoran don mu cika masa abin da muka zaftare. Aka ce ya yi sammako ya gangara kasuwa. Muna da lambarsa, sai muka tura masa ta waya daga cikin mota, muna tsakiyar lanƙwasar hanya, a daidai inda sabis ya dawo. Allon ya nuna kuɗin sun tafi. Muka kira don mu shaida masa, wayarsa ba ta shiga. Mun wuce Gboko muna sake gwadawa.