Abba, Gyara Bakinka Kafin Mu Je Biko

Abba, ba don in ci maka mutunci na sa aka kira ka ba. Sunan mahaifina gare ka, ko kama sunan ba na iyawa, balle in zage ka. Amma abin da ya fito daga bakinka ranar Talata bai yi mini daɗi ba, kuma in na yi shiru na ci amanar wana da ya bar mini ku.

Na ji abin da ya haɗa ka da matarka. Ka bar kuɗin cefane, ka dawo da dare ka tarar ba a ɗora tukunya ba. Babu gidan da ba a samun irin wannan, balle yanzu da mudun shinkafa ke neman gagarar mai albashi. Ka tambaya, daidai ne. Ka yi fushi ma, ban ga laifinka ba. Inda ka ɓata rawarka da tsalle shi ne kalmar da ka ɗauko. Ka ce mata marar tarbiyya a gaban 'ya'yanta, da ta tafi gidansu kuma ka bi ta da saƙon murya a WhatsApp ka maimaita. Wanta ya saurara, mahaifiyarta ta saurara. Ka san wa ka zaga kuwa? Duk wanda aka ce ba shi da tarbiyya, iyayensa aka taɓa. Dattijon da ya ɗauki 'yarsa ya ba ka, bai nemi komai ba bayan sadaki, shi ka jefa.

Ka tuna yadda mahaifinka yake fushi. Allah ya jiƙansa, yana da zafi, ya fi ka ma. Amma in abu ya kai shi wuya sai ka ji ya ce, "Raina ya ɓaci," ko kuwa, "Wallahi ban ji daɗin abin nan ba." Halin da zuciyarsa ke ciki ya faɗa, laifin yana nan a fili, mutuncin mai laifin kuma ba a taɓa shi ba. Wanda aka gaya wa haka yana da abin cewa: a yi haƙuri, Allah ya huci zuciyarka, ba za a sake ba. To, matar da aka ce wa marar tarbiyya, me za ta amsa? Ko ta rama, ko ta fashe da kuka, ko ta ɗauki mayafinta. Kai ka rage mata zaɓi, sannan kana mamakin ta yi yaji.

Kuma ba ita kaɗai kalmar ta ƙona ba. Mai zagi kansa yake hura wa wuta, kowace kalma tana kiran wadda ta fi ta muni. A 2007 wani masani, Matthew Lieberman na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, shi da abokan aikinsa sun riƙa nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi da masu tsoro, na'ura tana ɗaukar aikin ƙwaƙwalwarsu. Da zarar mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da yanayin da ya gani, sai sashen ƙwaƙwalwar da ke tayar da hankali ya lafa. Ni dai ban ga abin mamaki ba. Malamanmu sun daɗe suna koyar da cewa mai fushi ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, ya je ya yi alwala. Duk jinkiri ne ake nema wa harshe har hankali ya dawo.

Ku yaran yanzu kuna ganin kewaye-kewayenmu ɓata lokaci ne. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata ba ta kama sunan maigida. In an yi rasuwa, ɗan mamacin yana nesa, ba a buga masa waya a ce ya mutu. Cewa ake jikin ya matsa, ya kamo hanya, don zuciyarsa ta shirya kafin ya iso. Ba kuma hana magana mai kauri aka yi ba, wuri aka ware mata. Bakano ya tsokani Bazazzagi, Bafulatani ya kira Babarbare bawansa, taubasai su gasa wa juna magana, jika ya ja kakarsa da wasa, kowa ya yi dariya a watse. Amma tsakanin miji da mata, cikin fushi, gaban yara, babu wannan dama.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙarshen saƙon naka, inda ka ce tunda ta fita kada ta dawo. Abba, igiyar aure a bakinka take. Irin wannan furuci sai malamai sun zaunar da kai sun tambayi me ka nufa. Mutum nawa ne suka yi saki uku a kan abincin dare, gari ya waye suna yawon neman fatawa ido jawur? Da gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba a 2012, mata sun yi dafifi wajen rajista. Ka tambayi kanka nawa ne a cikinsu magana ɗaya ta fitar daga ɗakunansu.

Jiya gwaggonka ta ji ɗan autanka, yaron da bai shiga firamare ba, yana ce wa yayarsa marar tarbiyya don ta hana shi ƙosai. Bai san ma'anarta ba. Ya dai ga haka namiji yake yi in ransa ya ɓaci.

Ran Juma'a bayan La'asar ka zo ka ɗauke ni. Ka sayi goro da turmin atamfa. In mun shiga zaure ni zan fara magana. In an ba ka dama ka durƙusa ka ce, "Baba, na yi kuskure, a yafe mini," ka tsaya nan, kada in ji "amma" ta biyo baya. Ita ma ka nemi gafararta da bakinka, ba ta waya ba. Zancen cefane kuwa, in ta dawo ta huta, ku zauna ku biyu bayan yara sun yi barci, ka tambaye ta nawa ake sayar da mudu yanzu, ka saurari amsar har ƙarshe.