Haƙori a Matsayin Shaida: Iyakar Abin da Alama Ke Tabbatarwa

Masu falsafa da malaman usulu, wato masana tushen hukunci, sun daɗe suna muhawara a kan ko guntun abu zai iya zama hujja a kan ɗaukacinsa, kuma binciken dinoso, dabbobin nan da suka ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, ya sake tayar da wannan tambaya. Dinoso masu cin nama suna zubar da haƙora wasu na tsirowa iya rayuwarsu, kuma da yake ɓawon haƙori ya fi ƙashi tauri, sau da yawa shi kaɗai ke saura a cikin dutse bayan gangar jiki ta rududduge.

Shaidar haƙori tana da ƙarfi. Haƙora masu faɗi, masu baki irin na zarto, waɗanda aka bayyana daga Aljeriya a 1925, sun nuna dabba mai yankan nama, sannan ƙoƙon kan wannan dabba, Carcharodontosaurus, da mai bincike Paul Sereno ya tono a Maroko a 1995 ya gaskata hakan. Suchomimus kuwa, wanda aka samo a Gadoufaoua cikin hamadar Tenere ta Nijar aka bayyana shi a 1998, haƙoransa zagayayyu ne masu tsini, waɗanda suka dace da cafkar kifi. Bambancin haƙora ke nan yake nuna bambancin abinci, ya kuma bayyana yadda mafarauta iri-iri suka iya zama a yanki ɗaya.

Sai dai shaidar tana da iyaka, domin haƙoran gaba da na gefe a baki ɗaya sukan bambanta, yayin da haƙoran jinsuna biyu kan yi kama da juna. A 1856 mai bincike Joseph Leidy ya raɗa wa Troodon suna daga haƙori guda na Montana a Amurka, yana ɗaukar cewa na ƙadangare ne, sai daga baya aka gane dinoso ne.

Don haka abin da haƙori ke bayarwa zato ne mai rinjaye, wato ilimin da dalili ya ƙarfafa amma bai kai yaƙini ba. Watsi da shi rufe ido ne ga alamun da ke cikin halitta, ɗaukarsa a matsayin yaƙini kuma faɗin abin da ba a sani ba ne. Amanar mai ilimi ita ce ya yi hukunci gwargwadon shaidarsa, ya kuma yarda a gyara masa ranar da aka tono muƙamuƙi cikakke.