Amanar Ɓarawo: Tsakanin Neman Ilmi da Haƙƙin Jama'a

Gabatarwa

Bahaushe ya ce, "Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani." Ina jin shi ya sa duk wanda ka tare ka tambaya me ke sa mutum sata ko kisa, nan take zai ba ka amsa. Wani ya ce talauci ne, wani ya ce gado ne, wani ya ce miyagun abokai, wani kuwa ya ɗora wa zamani. Amma da wuya ka sami wanda ya taɓa zama da ɓarawon kansa ya tambaye shi. Manufata a wannan ɗan rubutu ita ce in duba abin da masana suka faɗa a kan asalin laifi, da yadda wasunsu suka bar ofis suka je suka yi hira da masu laifin, sa'an nan in tsaya a kan tambayoyi biyu. Ta farko, shin ana iya yarda da maganar mai laifi? Ta biyu, wadda ta fi nauyi, idan ya ba ka asirinsa bisa amana, wa ya fi haƙƙi a kanka, shi ko jama'ar da ya cuta?

Ra'ayoyin Masana

A shekarar 1764 wani Ba'italiye mai suna Cesare Beccaria ya rubuta ɗan littafi a kan laifi da hukunci. A ganinsa mutum mai hankali ne, yana auna riba da hasara kafin ya aikata abu, saboda haka abin da zai hana shi laifi shi ne ya tabbata za a kama shi, a kuma hukunta shi da wuri, daidai da abin da ya yi. Wannan ya yi kama da karin maganar nan, "Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa."

Bayan shekara ɗari da 'yan kai, a 1876, wani likita ɗan ƙasar, Cesare Lombroso, ya zo da nasa. Shi ya yi ta awon ƙoƙon kai da fuskokin fursunoni, ya ce akwai waɗanda da mugunta aka haife su, kuma ana gane su ta girman muƙamuƙi da kunnuwa da tsawon hannu. Wato dai, "Hali zanen dutse." Sai a 1913 wani likitan gidan yari na Ingila, Charles Goring, ya fito da sakamakon awon fursunoni wajen 3,000 da ya gwada da sojoji da ɗaliban jami'a da sauran mutane, ya ce babu wata kama ta jiki da ta keɓanta da mai laifi.

Daga nan sai hankali ya koma kan zaman jama'a. A 1938 Robert Merton na Amurka ya ce idan al'umma ta koya wa kowa cewa darajar mutum dukiyarsa, sa'an nan ta toshe wa wasu hanyar samunta ta halal, to wasu daga cikinsu za su nemi ɓarauniyar hanya. Edwin Sutherland kuwa cewa ya yi laifi koyonsa ake yi a wurin waɗanda ake cuɗanya da su, kamar yadda ake koyon saƙa ko ƙira. Mu a nan sai mu ce, "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Shi ne kuma ya jawo hankali a 1939 ga laifuffukan manya masu riƙe da ofis da kamfanoni, waɗanda ba talauci ya sa su ba. A 1963 Howard Becker ya ƙara da cewa jama'a ce ke liƙa wa mutum suna, kuma da zarar an kira yaro ɓarawo, aka guje shi, an tura shi ke nan wurin waɗanda za su karɓe shi da wannan suna. A 1979 kuma Lawrence Cohen da Marcus Felson suka ce a dubi dama: laifi yana aukuwa ne in mai niyya ya haɗu da abin ɗauka alhali babu mai tsaro. Kakanninmu sun riga su: "In ɓera da sata, daddawa ma da wari."

Mai karatu zai lura cewa kowane ra'ayi yana da karin maganar da ta goya masa baya. Wannan yana nuna hikimar mutanen da, amma yana nuna wata matsala kuma. Karin magana ba ta gaya maka wanne daga cikin dalilan nan ya ja wannan yaron da ke tsare yau a ofishin 'yan sanda. Ƙididdiga ma tana faɗin adadin waɗanda aka kama ne kawai, ba ta san waɗanda suka tsira ba, ba ta kuma san abin da ke zuciyar kowa ba. Lombroso ya auna kawunan dubban mutane, ya ɓata, domin abin da ke cikin kan ba ya aunuwa da ma'auni. Sai an tambaya.

Waƙa a Bakin Mai Ita

Masana na Jami'ar Shikago su ne suka yi fice a wannan hanya ta doguwar hira, wadda ake barin mutum ya ba da tarihinsa da bakinsa. A 1930 Clifford Shaw ya buga labarin wani saurayi da ya laƙaba wa suna Stanley, wanda sana'arsa ita ce ƙwace kuɗin mashaya in sun bugu. A 1937 Sutherland ya fito da bayanin wani ƙwararren ɓarawo da ya shekara fiye da ashirin yana sata, inda aka ga cewa ɓarayi suna da ƙa'idojinsu da sararsu da hanyar horon sabon shiga. A 1994 kuwa Richard Wright da Scott Decker suka buga hirar da suka yi da masu fasa gidaje 105 a birnin St. Louis, waɗanda ke yawo a gari ba a tsare ba. Sun tarar cewa da yawansu matsin neman kuɗi na nan take ne ke tura su, sau da yawa don shaye-shaye da caca, kuma ba su cika tsayawa dogon lissafin hukunci irin wanda Beccaria ya zata ba.

Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu ɗaliban Hausa. Da ita Mary Smith ta rubuta tarihin Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Da ita kuma muke rubuta kundayen digirinmu, muna bin makaɗa da bokaye da 'yan tauri da mafarauta. Duk wanda zai yi nazarin waƙoƙin Gambu mai waƙar ɓarayi na ƙasar Kabi, ko sarar 'yan daba a Kano, tilas ya zauna da mutanen da doka ba ta yi musu kallon alheri. Ashe maganar ta shafe mu kai tsaye.

Za a Yarda da Maganarsa?

Wani zai ce, mutumin da sana'arsa yaudara ce, yaya za a yi ya gaya wa ɗan makaranta gaskiya? Wannan suka tana da ƙarfi. A 1957 Gresham Sykes da David Matza sun bayyana hanyoyi biyar da masu laifi ke bi su wanke kansu: mutum ya ce ba yin kansa ba ne, ko ya ce ba wanda ya cutu, ko ya ce wanda aka yi wa shi ya jawo, ko ya ce masu zarginsa sun fi shi ɓarna, ko ya ce don abokai ya yi. Shi kansa Stanley yakan ɗora laifinsa a kan kishiyar uwarsa da sauran mutane.

A nawa ganin, wannan bai rushe amfanin hira ba. Da farko ana iya gwada magana da magana. Shaw ya haɗa labarin Stanley da takardun kotu da na gidajen horo, Sutherland kuma ya ba wasu ɓarayi da tsofaffin 'yan sandan ciki rubutun suka duba. Na biyu, uzurin da mutum ke ba kansa shi ma ilmi ne, domin da shi yake kwantar da zuciyarsa kafin ya haura katangar wani. In ka san abin da yake faɗa wa kansa, ka san inda wa'azi da tarbiyya za su kama shi. Abin da ya wajaba ga mai bincike shi ne ya saurara da kunne biyu, kada daɗin hira ya mai da shi lauyan wanda yake hira da shi. Fahimtar dalilin laifi daban take da yafe laifin. Mai gidan da aka fasa, wanda ya kwana ba barci, shi ma yana da labari, kuma nazarin da ya manta da shi gurgu ne.

Amana ga Wa?

Ba mai buɗe maka cikinsa sai ka yi masa alkawarin rufa masa asiri, alkawari kuwa kaya ne. Misalai biyu za su nuna nauyin kayan. A 1993 an tsare wani ɗalibin babban digiri a Jami'ar Jihar Washington ta Amurka, Rik Scarce, har kwana 159, saboda ya ƙi gaya wa kotu abin da ya ji a wajen bincikensa kan masu fafutukar kare dabbobi, bayan an fasa wani ɗakin gwaji na jami'ar. Ya zaɓi kurkuku a kan cin amana.

Na biyu ya fi rikitarwa. Daga 2001 zuwa 2006 Kwalejin Boston ta ɗauki nauyin hira da tsofaffin mayaƙan rikicin Ailan ta Arewa, na ɓangarorin biyu, bisa alkawarin cewa ba za a saki maganar mutum ba sai bayan ransa. A 2011 hukumomin Birtaniya suka nemi faya-fayan ta hannun gwamnatin Amurka, domin suna binciken kisan Jean McConville, wata mata mai 'ya'ya goma da ƙungiyar IRA ta sace ta kashe a 1972, ba a ga gawarta ba sai 2003. Kotu ta sa aka miƙa wasu daga ciki. A 2014 aka kama ɗan siyasar nan Gerry Adams, wanda ya musanta hannu a kisan, aka sake shi bayan kwana huɗu ba tare da tuhuma ba. A 2019 kuma, a shari'ar wani dattijo da aka tuhuma, alƙali ya ƙi karɓar faya-fayan a matsayin shaida. Ka ga an yi biyu babu ke nan: amana ta karye, marayu ba su sami hukuncin da suke nema ba, kuma duk wanda ya ji labarin zai yi wuya ya sake buɗe baki gaban rikoda.

To, wa ke da gaskiya? Masu cewa a tona suna da hujja, domin 'ya'yan matar nan goma sun girma ba uwa, kuma ba a tambaye su ba kafin a yi alkawari a kan jinin uwarsu. Masu cewa a rufe su ma suna da tasu, domin ba don alkawarin ba da maganar ba ta fito ba sam, kuma in mai bincike ya zama ɗan rahoton 'yan sanda, to ƙofar wannan ilmi ta rufe, jama'a ce kuma za ta yi hasara.

Ni dai abin da na tsaya a kai abu uku ne. Na ɗaya, kada mutum ya yi alkawarin da ya fi ƙarfinsa. Kuskuren Boston tun ranar farko ya faru, lokacin da aka bar mutane suka ɗauka cewa ba hannun da zai kai ga maganarsu, alhali kotu tana iya kaiwa. Gaya wa mutum iyakar kariyar da kake iya ba shi, ya zaɓi abin da zai faɗa. Na biyu, kada ka tara abin da ba ka bukata. Mai nazarin sara ko dalilin sata ba ya bukatar sunan mutum na gaskiya, ko sunan unguwa, ko ranar da aka yi abu, kuma abin da ba ka rubuta ba ba mai ƙwace shi daga hannunka. Na uku, a bambanta abin da ya wuce da abin da ke tafe. In mutum ya ba ni labarin satar da ya yi shekara biyar da suka shige bisa sharaɗin da muka yi, zan riƙe masa, domin da yardarsa na ji, kuma tonawa cin amana ne. Amma in ya ce gobe da dare za su je su sari wane, to nan amana ta ƙare, domin rai ya fi kundin digiri, kuma shiruna ya zama taimako gare su. Wannan sharaɗi ma a faɗa masa tun kafin a kunna rikoda, don kada ya ce an yaudare shi.

Na sani wannan bai warware komai duka ba. Akwai wanda zai faɗi laifin da ya wuce alhali wani marar laifi yana ɗaure a kansa. A irin wannan hali cutar ba ta wuce ba, tana gudana kullum, saboda haka ni ina sa ta cikin sahun abin da ba a rufewa.

Kammalawa

A taƙaice, ra'ayoyin masana kan laifi kowanne ya kama wani gefe na gaskiya, kuma hira da masu laifin ita ce ke nuna inda kowanne ya dace da inda ya gaza. Sai dai wanda ya ɗauki rikoda ya ɗauki amanar mutum biyu, wanda ke gabansa yana magana da wanda aka cuta da ba ya wurin. Ina kira ga malamanmu da su riƙa zama da ɗalibi a kan wannan batu kafin su sa hannu a kan taken kundinsa, ga 'yan'uwana ɗalibai kuma da mu yanke shawarar abin da za mu rufe da abin da ba za mu rufe ba tun muna gida, kafin mu yi wa kowa sallama. Allah ya sa mu dace, amin.