Ruwan sama a kan fako

Duk wanda ya san ƙasar Adar ya san halin ruwan sama idan ya sauka a kan fako. Yakan zubo da ƙarfi, ya kwarara cikin kwazazzabai, kafin la'asar ƙasa ta bushe kamar ba a yi ba. Shi ya sa tun daga 1984 aikin raya karkara na Keita, da tallafin Italiya da hukumar FAO, ya duƙufa wajen jera duwatsu da haƙa ramuka a gangaren tuddai, domin ruwa ya tsaya har ya ratsa ƙasa. Mata ne suka ɗauki akasarin duwatsun, maza suna ci-rani.

Wannan misali yana da amfani ga mai tunani a kan ilimi a yau. Wayar salula ta isa Madawa da Buza da ƙauyukansu. Ɗalibi yana iya kallon darasin lissafi a bidiyo, ya karɓi karatu ta WhatsApp, kuma tun daga 2022 akwai manhajojin da ke rubuta masa amsa cikin ƙiftawar ido. Ruwa dai ya sauka. Abin tambaya shi ne, wa zai tsayar da shi?

Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1964 ta soma koyar da yaran firamare ta talabijin, amma ko a lokacin sai da aka ajiye mutum a kowane aji yana bitar darasi da su. A 2009 da 2010, a jihohin Doso da Damagaram, an sa salula cikin azuzuwan yaƙi da jahilci, manya suka ƙara ƙwarewa a karatu da lissafi, domin abin da malami ya koyar da rana sukan maimaita shi wajen aika saƙo.

Makarantar allo ta daɗe da gane wannan. Almajiri ba ya wanke allonsa sai malam ya saurare shi ya tabbatar karatun ya zauna. A nan akwai alhaki: wani ya tsaya shaida cewa yaro ya sani. Na'ura tana ba da amsa, amma ba ta damu ba ko an fahimta, kuma idan ta yi kuskure babu wanda za a tuhuma.

Saboda haka haɗarin yana gare mu. Ranar da hukuma ko iyaye suka ɗauka raba wayoyi ya sauke musu nauyin tura malami ƙauye da biyansa haƙƙinsa, an zalunci ɗan talaka, domin ɗan mai hali zai sami waya ya kuma sami malami. A kai intanet kwarin Majiya, a fassara darussa cikin Hausa da Tamashek, duk alheri ne. Amma a fara da mai jera duwatsun.