Wa Ka Dasa a Tukunyarka?

Karatu: Ayyukan Manzanni 15:36-41

Ƙaunatacce, laifi ne ka ɗan ja baya daga mutumin da bai yi maka mugunta ba? Masu bi da yawa suna fama da wannan tambaya a ɓoye. Bari mu nemi amsarta wurin furen wardi.

Wardin da aka dasa a fili yana miƙa saiwa duk inda ya ga dama. Na tukunya kuwa iyakarsa ƙasar da ke ciki. Yana bukatar tukunya mai zurfin kamar santimita 40 zuwa 45, mai huji a gindi domin ruwa ya tsiyaye, da hasken rana na aƙalla sa'a 6 kullum. Duk abin da ka dasa kusa da shi, ruwa ɗaya za su sha, taki ɗaya za su ci.

Shi ya sa masu lambu suke zaɓe. Tafarnuwa ba ta da ado, warinta ma ba kowa ke so ba, amma saiwarta gajeriya ce, ba ta ƙwace abincin wardi, kuma ana dasa ta ne domin warin nan ya rage ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan tohon. Na'ana'a fa? Ƙamshi gare ta, tana gyara shayi. Amma tana yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa har ta cika tukunya, wardi ya rame, furensa ya ragu. Na'ana'a ba muguwa ba ce. Wurin ne bai ishe su su biyu ba. Mai lambu mai hikima ba ya jefar da ita, tukunyarta daban yake ba ta, ya ajiye a gefe, ya ci gaba da yi mata ban ruwa.

Rayuwarka tukunya ce, ɗan'uwa. Lokacinka da ƙarfinka suna da iyaka. An umarce ka ka ƙaunaci kowa, amma ba kowa ne zai zauna a gindin zuciyarka ba. Akwai mai daɗin hira wanda yake cinye lokacin addu'arka da na iyalinka. Akwai mai faɗa maka gaskiya mai ɗaci, shi ne tafarnuwarka, kada ka tuge shi.

Bulus da Barnaba sun rabu saboda Yohanna Markus, kowa ya kama hanyarsa, aikin bishara bai tsaya ba. Daga baya Bulus da kansa ya nemi a kawo masa Markus, yana shaida amfaninsa. Ashe tazara ba ƙiyayya ba ce. Tana zama zunubi ne idan ka daina gaisuwa, ka daina addu'a dominsa, ka shiga ɓata masa suna.

Ka kuma tambayi kanka yau: a tukunyar matarka, ko ta abokinka, kana tsare su ne ko kana shanye su?

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni hikimar zaɓen na kusa, da zuciyar da ba ta yar da kowa. Cikin sunan Yesu, Amin.